Tare da Likitan Hoto a Ƙasar 'Yandoto

Direbobin da ke bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau ba sa sammako a 'yan shekarun nan, ba sa kuma yin yamma. Sai rana ta ɗaga, motocin sintiri sun fita, sannan ake kama hanya, kuma fatan kowa la'asar ta same shi a cikin gari. Da an wuce 'Yankara an shiga ƙasar Zamfara ta Wanzamai, hira takan ragu a mota. Direba ya rage muryar rediyo, idonsa na kan motocin da ke tahowa daga gaba, domin muddin ana tahowa, to hanya lafiya. In ya ga an ɗan jima ba ko mota ɗaya, sai ya gangara gefen titi ya jira.

Mu biyu ne a bayan motar, ni da wani abokin karatuna tun sakandare, wanda yanzu likita ne a ɗaya daga cikin asibitocin koyarwa na Arewa. Shi zai je gaida mahaifiyarsa a Gusau. Ni kuma kawuna zan dubo a Bungudu, tsohon soja, wanda aka aiko mini cewa ƙafa ta hana shi zuwa masallaci, har an fara ambatar yankewa. Da na roƙi likitan ya raka ni, sai ya tambaya ko Kawu na da ciwon suga, ko yana shan taba, ko kuma ciwon ya fi cin sa da dare. Na ce duka ukun. Bai ƙara magana ba, ya koma ɗaki ya ɗauko wata 'yar baƙar jaka ya rataya. A cikinta akwai na'urar sikanin ta hannu, irin wadda ake haɗawa da waya a leƙa cikin jikin mutum.

Tsakanin Wanzamai da Tsafe mun sha tsayawa a shingen sojoji: ganguna, buhunan yashi, rumfar kwano, da motar yaƙi a inuwar bishiya. Yawancin waɗanda ke gadin da ƙyar in sun kai shekara talatin. Wani ya yi maka gurguwar Hausa ka gane daga Kudu ya zo, wani kuma da ya buɗe baki ka san ɗan gida ne. Gusau ce mazaunin Birged ta 1 ta sojan ƙasa, a nan kuma aka girke rundunar Hadarin Daji, wadda Fansan Yamma ta gada a 2024. Saboda haka kaki ya zama abin gani kullum a wannan yanki. Likita ya daɗe yana kallon wani saurayin soja da ya saƙala bindiga yana zuƙar sigari, sannan ya juyo gare ni.

"Mutumina, jama'a na ɗauka soja ya gama da yaƙi ranar da ya ajiye kaki. Mu da muke kallon cikin jikinsu mun san da sauran magana. Wani harsashin sai an manta da shi yake fara ɓarna. Wani kuma ko ƙwarzane bai samu a daga ba, sigarin da ya koya a can ne zai cinye masa ƙafa yana da shekara sittin."

Da muka fita Tsafe kaɗan, sai ga allon 'Yandoton Daji. Wanda bai san tarihi ba zai wuce shi kamar kowane garin bakin titi, masu rake da ƙuli-ƙuli suna bin motoci. Amma sunan tsoho ne ƙwarai. 'Yandoto ta dā tana cikin garuruwan malamai da suka yi suna a ƙasar Hausa tun kafin jihadi, inda almajiri kan taso daga nesa ya zauna shekara da shekaru a gaban malami. Ruwayar Katsinawa ta ce daga nan Korau ya fito, wanda ya kayar da Sanau ya hau gadon Katsina. Wajajen 1806 Muhammadu Bello ya ci garin da yaƙi, bayan malamansa sun ƙi bin jama'ar Shehu, littattafai suka watse, mutane ma suka watse. Sarautar dai ba ta mutu ba, da ita ake kiran Sarkin Tsafe har gobe, 'Yandoton Tsafe. Malam Sambo ɗan Ashafa, almajirin Shehu da ya zauna a nan, shi ne ya tashi ya kafa Gusau a farkon ƙarni na 19, kuma da yake ƙasar ta Katsina ce a dā, sarkin Gusau har yau Sarkin Katsina yake amsawa.

Ba na wuce wurin nan ba tare da abu ya tsaya mini a rai ba. Ƙasar da ake niƙo gari a zo mata neman sani, yau ita ce mutanenta ke kwantar da marasa lafiyarsu a bayan mota, wasu su nufi Sakkwato, wasu Zariya, wasu Kano, suna neman wanda ya san abin yi.

A wannan tsakanin ne na sa shi ya warware mini aikinsa, domin ko ni da na san shi shekara da shekaru, abin da na sani kawai shi ne likitan hoto ne. Likitan hoto kuwa, yadda muka saba, mutum ne da ke zaune a ɗaki mai duhu yana duba hoton ƙirji ko na ƙashi, ya rubuta abin da ya gani ya aika wa likitan da ya turo ka. Sau da yawa ko fuskarsa ba ka gani. Shi ma da haka ya fara, bayan shekara shida na karatun likita da shekarun ƙwarewa a fannin hoto. Daga baya ya ƙara wani horon, ya zama da hoton yake yin maganin kansa. Yakan kashe zafin fata a gindin cinya ko a wuyan hannu, ya huda jijiyar jini da allura, ya zura siririyar waya ta cikin allurar, ya zare allurar, ya bi wayar da siririyar roba wadda kaurinta bai fi milimita biyu ba. Yana turawa yana kallon tafiyarta a allo, har ta isa inda cutar take, a hanta ne, a ƙoda ne, ko can ƙasan ƙwauri. In jijiya ta toshe, ya buɗe ta. In ta fashe tana zubar da jini a ciki, ya toshe ta. In mugunya ta taru a hanta, ya sa mata roba ta fito. In ƙari ne, ya tsinko ɗan kaɗan a kai ɗakin gwaji. Babu yanka, babu ɗinki, kuma yawanci mai jinyar idonsa biyu, suna ma hira.

Fannin ba tsoho ba ne. A 1895 Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ke ratsa nama ya nuna ƙashi. Dabarar allura da waya kuwa wani likitan Suwidin ne, Sven-Ivar Seldinger, ya fito da ita a 1953, kuma har yau da ita kowa ke shiga jijiya. Wanda ake kira uban fannin shi ne Charles Dotter na Jami'ar Oregon a Amurka. Ranar 16 ga Janairun 1964 aka kawo masa wata tsohuwa 'yar shekara 82, Laura Shaw, yatsun ƙafarta sun fara ruɓewa saboda jijiyar cinya ta tsuke. Likitoci sun ce a yanke, ta ce sam. Dotter ya zura mata robobi, ƙarama sannan babba, ya buɗa wurin da ya tsuke. Jini ya sauka, ciwo ya lafa, ta tashi ta taka da ƙafarta har ƙarshen kwananta. Abokina ya ce duk lokacin da tsoho ya ƙi yarda a yanke masa ƙafa, ba ya saurin kiransa mai taurin kai, domin irin wannan ƙin ne ya haifi sana'ar da yake ci da ita.

Dutsen Kwatarkwashi ya taso mana a gaba, baƙi ƙirin, garin na kwance a gindinsa. Daga nan Gusau ba nisa. Mun shiga kafin azahar, ta cikin hayaniyar babura da Keke Napep. Garin ya buɗe sosai tun da ya zama babban birnin jiha ranar 1 ga Oktoban 1996, ko da yake tsofaffin gine-ginen tashar jirgin ƙasa da na masaƙa suna nan suna tuna wa mutum zamanin auduga da gyaɗa. Manyan asibitocinsa biyu su ne Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, kuma su ke ɗaukar nauyin abin da dazuzzukan jihar ke aikowa.

Ko hutawa bai gama yi ba, bayan magariba wani tsohon ɗalibinsa da ke aiki a wani asibiti a garin ya ji labarin zuwansa, ya kira shi. Na bi shi. Mai jinyar saurayi ne daga wani ƙauye, cikin masu tsaron gari da ke fita tare da jami'ai. An harbe shi a cinya wajen wata biyu da suka wuce, rauni ya warke, har ya koma gona. Sai wani kumburi ya taso kusa da tabon, kullum yana ƙara girma. Gida suka ce maruru ne, aka kira wanzami ya tsaga. Wanzamin ya ɗora tafinsa a kai, ya ji abin yana harbawa tare da bugun zuciya, ya mayar da askarsa cikin zabira ya ce wannan ba nasa ba ne, a tafi asibiti.

Likita ya shafa mai, ya ɗora na'urarsa. A fuskar wayar sai ga wani baƙin rami, ja da shuɗi suna juyawa a cikinsa. Ya nuna wa ɗalibin nasa da yatsa. Harsashin ya ɓula bangon babbar jijiyar cinya, jini na fita ta ɓular yana taruwa a wata jaka da nama ya kewaye, yana komawa. Da aska ta taɓa wurin, da jinin yaron ya ƙare kafin a samo babur.

"Ku gaida mini wanzamin nan," ya ce wa yayan yaron. "Bayan Allah, shi ya cece shi."

Na zaci zai yi wani abu nan take, tunda ga cuta ga mai magani. Bai yi ba. Ya ce ƙananan irin wannan akan danne wuyansu da na'urar har jinin ciki ya daskare, ko a yi musu allurar da ke daskarar da shi. Amma wannan bakinsa ya yi faɗi, sai dai a shiga ta cikin jijiya a shimfiɗa 'yar raga mai rufi ta like ɓular, ko likitan jijiya ya buɗe ya ɗinke. Ya zauna ya rubuta takarda da hannunsa, ya sa awon ramin, ya kira wani likitan tiyata da ya sani a Sakkwato, bai ajiye waya ba sai da aka ce a kawo shi. Sannan ya gaya wa dangin, da Hausar da ba ta bar musu shakka ba, cewa kada kowa ya matsa wurin, kada a gasa, kada a shafa komai, kuma su tafi da mutum biyu masu iya ba da jini. A hanyarmu ta komawa ya ce rabin aikinsa shi ne sanin ranar da ba zai taɓa mutum ba. Wanda ya iya shiga jijiya, in ji shi, dole ya tabbata akwai jini a ajiye da likitan tiyata a kusa kafin ya shiga, saboda ranar da abu zai ɓaci.

A hoton ƙashin yaron akwai ɓurɓushin ƙarfe warwatse cikin nama. Na tambaya ko za a tsince su. Ya ce yawanci barin su ake yi, tono su ya fi su illa. Amma a rubuta a katin mutum, domin akwai na'urar hoto mai ƙarfin maganaɗisu da kan iya motsa wani ƙarfen a cikin jiki, kuma harsashin da ya zauna cikin gaɓa yakan riƙa sakin dalma a jini sannu a hankali. Bazamfare ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan dalma. Mun ga abin da ta yi a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda yara sama da 400 suka rasu sanadin ƙurar dutsen zinariya. Ita dalmar ce kuma likitan ke sawa a matsayin riga mai nauyin kilo da yawa, da wani abin wuya, duk ranar da zai tsaya a gaban babbar na'ura, don hasken da ke nuna masa hanya yana cutarwa in ya taru a jiki. Yana maƙale da wani ɗan ma'auni da ke lissafa abin da ya sha, kuma a wuyansa yake ya rage wa mai jinya da nas da mai ɗaukar hoto wannan hasken gwargwadon iko. Ya ce da yawa daga cikin tsofaffin fannin da ciwon baya suke ritaya.

Washegari da hantsi muka kama hanyar Sakkwato. Bungudu kusa ce, kafin hira ta yi nisa mun iso. Kogin Sakkwato ya bi ta gefen garin, fadamarsa shar da albasa da tumatir da rake. Mun tarar da Kawu a zaure, zaune a bakin gadon kara, ƙafar hagu na reto. A bango ga hotonsa cikin kaki, saurayi mai gashin baki. Ya shiga difo na Zariya bayan an gama yaƙin basasa da 'yan shekaru, yana cikin dakarun ECOMOG da suka sauka Manrobiya a 1990, ya kuma yi Saliyo. Duk garin Saje ake ce masa. Muka durƙusa muka gaishe shi, aka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, aka kawo fura. Sai da aka sha sannan ya dubi baƙon.

"Likita, kai ɗana ne tunda abokin wanga yaro ne. In gaya maka tun yanzu, ƙahwag ga ta kai ni Laberiya ta maido ni. Ruwa munka shiga da ita har wuya. Ba ni yarda a yanke ta."

"Baba, ban zo da wuƙa ba. Ku ba ni labarinta tukuna."

Labarin ya faro shekaru baya. Da farko in ya yi tafiya zuwa lambu sai sha-raɓarsa ta ɗaure, ya tsaya kaɗan ta saki, ya ci gaba. Ya ɗauka tsufa ne. Tafiyar da yake iya yi ta riƙa raguwa, daga lambu ta koma kasuwa, daga kasuwa ta koma masallacin unguwa. Yanzu ko yana kwance ciwon na nan, ya fi tsanani da dare, ba ya samun sauƙi sai ya sauko da ƙafar ƙasa, shi ya sa a zaune yake kwana. Ga kuma ɗan gyambo a babban yatsa, tun da ya yanke farce ya ƙi warkewa.

Likita ya zauna a tabarma, ya ɗora ƙafafun biyu a cinyarsa. Ya taɓa ta dama, ya taɓa ta hagu, ya ce ni ma in taɓa. Ta hagun sanyi ƙalau, fatar na sheƙi, ba gashi ko ɗaya a ƙwaurin. Ya lalubi bugun jini a bayan ƙafa da bayan idon sawu bai samu ba, a bayan gwiwa ma babu, sai a gindin cinya. Sannan ya bi jijiyar da na'urarsa tun daga sama, a hankali, har ya tsaya a wani wuri sama da gwiwa inda launin ya yanke.

"Baba, an ce kuna da lambu. In laka ta cika hanyar ruwa, wane fangali ke fara bushewa?"

"Na ƙarshe mana."

"To yatsan nan naku shi ne fangalin ƙarshe. Ga inda lakar ta tsaya. Suga da taba da hawan jini su suka tara ta."

Ya bayyana masa abin da za a iya yi: a shiga ta gindin cinya, a zuba ruwan da ke haska jijiya a hoto, a lallaɓa waya ta ratsa toshewar, a hura ɗan balan-balan a wurin ya buɗe, in ya ƙi tsayuwa a bar 'yar ragar ƙarfe ta tokare shi. Bayan nan ya kwanta a miƙe na wasu awoyi kada hudar ta yi jini, washegari ko jibi ya koma gida. Kawu ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi tambayar da na san zai yi.

"Ka ba ni tabbaci ƙahwata na tsira?"

Na so ƙwarai ya ce e. Tsohon ya sha wuya, kuma kalma ɗaya za ta sa ya yi barci a daren. Likita ya ce ba zai iya ba. Ya ce wani lokaci waya kan ƙi wucewa. Wani lokaci a buɗe, bayan shekara ta sake toshewa. Ruwan da ake zubawa yana iya taɓa ƙoda, musamman ga mai suga, don haka sai an auna ƙodarsa tukuna, kuma akwai ƙwayar sugar da za a dakatar na ɗan lokaci. Yatsan kansa mai yiwuwa ba zai tsira ba, amma dunduniya da sauran ƙafar akwai kyakkyawan fata in an hanzarta. In kuwa aka bari ruɓa ta hau, to ba sauran zaɓi, kuma a ranar shi da kansa zai roƙe shi ya yarda a yanke, don rai ya fi ƙafa. Kawu ya yi shiru, ya ce wannan ita ce maganar da zai iya aiki da ita, domin a daji ma kwamandan da ke ce maka ba komai shi ke kai ka ga halaka.

"Sai taba, Baba. Daga yau."

"Shawara ce ko oda?"

"Oda ce."

Ya laluba aljihu ya miƙa mini kwalin, ya ce in kai wa Inna ta sa a murhu.

Daga nan aka shiga maganar da ta fi ciwon wuya, wato ina, kuma da nawa. Na'urar da ake wannan aiki da ita ba ta shiga jaka. Tana son ɗaki mai bangon da ke tare haske, da lasisin hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa, da wutar da ba ta ƙiftawa, domin ba a son allo ya mutu alhali waya na cikin jijiyar mutum. Wayoyin da balan-balan da ragar duk daga waje ake sayo su da dala, kuma sau ɗaya ake amfani da kowanne. Masu aikin kansu 'yan kaɗan ne a Najeriya, yawancinsu a manyan birane. A Arewa sunan da aka fi sani shi ne Farfesa Ahmed Ahidjo na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, garin da ya fi kowane sanin raunin bam da harsashi a wannan zamani. Kawu ya sa aka ɗauko masa wata tsohuwar jakar takardu: shaidar sallama, takardun fansho, da katin inshorar lafiya ta DHML da ke kula da sojoji da waɗanda suka yi ritaya. Likita ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya ce takardar turawa za ta bi ta hannunsu, kuma shi zai rubuta bayanin da zai nuna cewa buɗe jijiyar nan ya fi yanke ƙafa araha in aka haɗa da keken guragu da ƙafar roba da wanda zai bar aikinsa ya zauna jinya. Rubuta irin wannan takarda da bin ta, in ji shi, yana cin lokacinsa fiye da aikin kansa.

A Amurka tsofaffin sojoji suna da ma'aikatarsu ta kansu, mai manyan asibitoci wajen 170, da mutum sama da miliyan 9 a rajista, kuma likita irin abokina ma'aikaci ne na yau da kullum a cikinsu. Ban kawo wannan don a ce mu yi daidai da su ba, aljihun ba ɗaya ba ne. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Tanzaniya. A 2018 aka fara horar da irin waɗannan likitoci a asibitin Muhimbili na Darussalam, malamai na zuwa daga waje rukuni-rukuni suna koyarwa suna komawa, kuma a 2021 aka yaye na farko, yanzu su ke koyar da na baya. Mu muna da Asibitin Sojoji na 44 a Kaduna, inda ake kai waɗanda suka ji rauni a daga, muna da asibitocin koyarwa a Sakkwato da Zariya da Kano. Abin da nake gani shi ne jihar da ta shafe fiye da shekara goma tana karɓar harsashi ta cancanci a ce irin wannan ɗaki da irin wannan likita suna cikinta, yadda mai zubar jini a ciki ba zai yi tafiyar awa uku a kan titi ba. Kuma mazan jiya a Zamfara ba masu kaki kaɗai ba ne. Akwai 'yan sanda, akwai Askarawan da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a Janairun 2024, akwai manoman da aka harba a gonarsu, waɗanda ba su da katin komai.

Kafin azahar labari ya zaga cewa Saje ya yi baƙon likita. Zauren ya cika da abokansa na ƙungiyar tsofaffin sojoji. Akwai wani dattijo da ya yi yaƙin basasa tun daga 1967 har aka ajiye makamai a Janairun 1970, yanzu fitsari ke ba shi wuya, da robar mafitsara yake yawo a ƙarƙashin riga. Likita ya ce masa kumburin da ke tare fitsarin maza in sun tsufa akan iya rage shi ta hanyar toshe ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da shi, amma sai an fara tabbatar ba ciwon daji ba ne. Wani kuma, wanda bai kai su shekaru ba, cikinsa ya ɗan taso, idonsa da ɗorawa. Da na'ura ta hau hantarsa, sai na ga fuskar abokina ta canza. Ya ja shi soro na biyu suka yi magana su kaɗai, ya fito bai ce mana komai ba, mu ma ba mu tambaya ba. Daga baya dai ya gaya mini, ba tare da ya danganta da kowa ba, cewa ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a ƙasarmu, yana zama shiru shekaru kafin ya zama daji, kuma akwai maganin da ake kaiwa ta jijiya har bakin ƙarin, sai dai yana amfani ne ga wanda aka gano da wuri.

Sauran duk sai ya sa suka tuɓe takalma. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana laluben bugun jini a ƙafa, yana leƙa tsakanin yatsu. Wani ɗan maƙwabta da ke karatu a kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe yana tsaye a bakin ƙofa, ya kira shi, ya kama yatsunsa ya ɗora a bayan ƙafar wani tsoho har yaron ya ce ya ji. Ya ce masa wannan ba ya bukatar wuta ko dala, kuma da kowane ƙaramin asibiti zai riƙa sa mai ciwon suga ya tuɓe takalmi, da Kawu ya zo hannu tun ciwon na tsayawa a sha-raɓa, lokacin da barin taba da ƙwayoyi da tafiyar ƙafa kullum za su iya wadatarwa. Kowace 15 ga Janairu ana taruwa a Gusau a ajiye furanni don tunawa da 'yan mazan jiya, waɗannan dattawa kan sa hularsu su je. Na ce wa shugabansu, tunda ranar ce kaɗai ake samun su wuri ɗaya, me zai hana a nemi a kafa rumfa a gefen fili a auna musu suga da hawan jini, a duba ƙafafu. Ya ce zai kai maganar taronsu na wata.

Likita ya wanke gyambon Kawu ya naɗe, ya hana gasa ƙafar da ruwan zafi ko kusantar da ita ga garwashi komai sanyin da take ji, ya rubuta gwajin ƙoda da na jini da za a yi a Gusau washegari, ya ba ɗan Kawu lambarsa ya ce a turo masa sakamakon da hoton yatsan kowace safiya. Muka tsayar da Litinin don tafiya in ƙoda ta yi kyau. Kawu ya ce a nemi mota babba, domin dattijon basasar ma da shi za a tafi a auna shi, kuma jikansa zai biyo ya riƙe masa takardu.